Juyin Awa Biyu-Biyu

"Rana guda na ce, Yaya. Ban ce wata guda ba."

"Na ji ki tun farko," in ji Mijinyawa. "Ni kuma na ce miki ba ni da rana gudan."

Yana tsaye a tsakar gida yana ɗaura agogo, takalmansa na sheƙi. Ƙanwarsa Raliya tana tsugune gaban baho, hannuwanta cikin zannuwan da mahaifinsu ya ɓata da asuba. Takardar kiran jarrabawa tana soke a bakin zanenta. Jiya ya kawo mata ita daga akwatin gidan waya na wurin aikinsu, bayan ta kwana tara a aljihunsa. Ta ga ranar a jikin hatimi. Saura mako uku.

Ta sake bi masa maganar daki-daki. Jarrabawar farko ce ta karatun jinya da take yi ta wasiƙa. A Lamordé za a yi, ƙetaren kogi, ranar Talata, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Wanda bai je ba a soke sunansa, watanni goman da ya yi yana karatu su bi iska. Abin da take nema kawai, wani ya tsaya wa Baba wannan yini.

Mijinyawa ya ce ai ta san zamanin da ake ciki. Soja ke mulki, soja kuwa bai san uban kowa ba. Bakwai da rabi ake jan ƙofar biro, wato ofishinsu, ma'aikacin da ya makara ya tsaya a rana har a rubuta sunansa. Watan jiya mutum biyu aka kora a kan latti. In aka kore shi a wannan fari, ƙasa za a ci a gidan?

"Ka nemi izini wurin shef, shugabanku."

"In ce mishi mi? Ƙanwata za ta tahi zama dokta ta cikin ambulan?" Ya yi dariya ta hanci. "Karatu ba malami, ba allo, ba ƙararrawa. Mai karatu fita yake da safe da jakarshi, kowa ya gan shi. Ke kina gida."

"Shekaranjiya da baƙi sunka zo gaida Baba, kai ka ce musu likita gare mu a gida."

Ya tura mobilet, ɗan babur ɗinsa, ta zaure, ta ji tashinsa a lungu. Daga ɗakin da ke kusa da zauren aka buga langa da cokali sau biyu. Ta ɗauraye hannu ta miƙe.

Mahaifinsu, Malam Illo, ya bar ƙauyensu na ƙasar Tawa bayan ruwan sama ya ƙi, shanunsa suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ya zo Yamai wurin ɗansa a unguwar Talladjé. Wata huɗu da suka wuce ya faɗi a kan buzun salla, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma guda ta rage masa, "To." Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya, da ita yake cewa a bari.

Kowa ya san al'ada: namiji ke wanke namiji, ɗa ke ganin tsiraicin ubansa. Mijinyawa ya yi kwana biyu. A na biyun ya fito yana kakarin amai a bakin rariya. A na ukun ya ce tunda Raliya abin da take karanta ke nan, ai ita ta fi kowa dacewa, likita ba ta da kunya. Matarsa Salamatu kuwa ba a ma kawo sunanta ba. Suruka ce. Shekara takwas da aurenta ba ta taɓa faɗin sunan tsohon ba, ba ta taɓa duban fuskarsa ba. In za ta gaishe shi, daga waje take durƙusawa, ta kau da kai gefe. Mutane na yabonta a kan haka.

Ranar da Raliya ta fara kwance wa mahaifinta wando, ya juya fuska bango, hawaye ya zubo daga ido ɗaya. Tun daga nan ta koyi rufe shi da zane ta yi wankin ta ƙarƙashi, idonta a kan rufin ɗaki.

A darasi na shida ta karanta cewa majinyacin da ba ya motsi dole a juya shi duk bayan awa biyu. In ba haka ba, inda ƙashi ya danne fata sai jini ya daina zuwa, wurin ya yi ja, ya fashe, ya zama gyambon da ke ci har ƙashi. Ta duba ƙugunsa na dama, ta ga jan tabo kamar faɗin ƙwandala. Daga ranar rayuwarta ta rabu awa biyu-biyu. Ba ta da agogo. Inuwar katanga take bi, da labaran rediyon maƙwabta, da kiran salla. Hagu, rigingine, dama, hagu kuma. Tabon bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba.

Tsakanin juyi da juyi take karatu, in an bar ta. Ba a cika barinta ba. Tunda tana gida, ai ba ta da aiki. Famfo ya daina kawo ruwa sai jefi-jefi, zannuwan Baba kuwa ba sa jiran famfo, sai ta ɗauki bokiti biyu ta bi layin rijiyar bayan masallaci. In ɗan Salamatu ya yi zawo, a miƙo mata shi. In maƙwabciya ta yanke da wuƙa, a aiko a kira likitar gidan Mijinyawa. Takardun darasi na shimfiɗe kusa da baho, an danne su da dutse, kumfar sabulu na ɗiga a kansu. Layi ɗaya take karantawa sau biyar. In ta rufe ido don ta maimaita, sai ta ji langa.

Wani lokaci a ɗakin Baba take yi. Ta riƙe hannunsa da ya mutu tana motsa shi kamar yadda aka zana a takarda, tana kiran sunayen ƙasusuwan da Faransanci, daga kafaɗa zuwa yatsu. In ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba, sai ya bubbuga katifa da hannun hagu ya ce, "To." Shi kaɗai ne a gidan ya taɓa jin karatun nan da kunnensa.

Saura kwana goma sha ɗaya Gwaggo Delu, ƙanwar Malam Illo, ta zo daga unguwar Koira Kano a motar ɗanta, ranar Juma'a. Ta shiga ɗakin da gefen mayafi a hanci, ta yi minti biyar, ta fito ta zauna a inuwa tana sa wa Mijinyawa albarka. A zamanin nan da 'ya'ya ke gudun iyayensu, ga shi ya ɗauko nasa ya ajiye a gida. Raliya ta kawo mata ruwa, ta durƙusa, ta roƙe ta ko za ta zo ta yini ranar Talata ta sama. Gwaggo ta dafa ƙugu. Bayanta ba ya barin ta ɗaga ko tulu. Ga kuma suna a gidan surukanta a makon.

"Ɗiyata, takarda ba ta gudu," in ji ta. "Uba ke gudu. Ki yi haƙuri ki kwashi ladanki. Mu da muka rasa namu, da za a ba mu ko yini guda mu yi musu wanki, da gudu za mu karɓa."

Ta bar lemu shida da turare ɗan goma, ta tafi kafin la'asar.

Raliya ba ta daina nema ba. A bakin lungunsu akwai tela, Malam Halidu, dattijo mai furfura wanda ya yi jinyar wansa shekara biyu. Ta je ta same shi a kan kekensa. Bai bari ta gama ba ya ce wannan ai ba abin roƙo ba ne. Taku ashirin ne tsakaninsu. Ta nuna masa yadda ake yi sau ɗaya, zai riƙa shiga duk awa biyu, ya ba shi kunu, ya juya shi. Ta dawo gida tana jin kamar an sauke mata dutse daga ka.

Da yamma ta gaya wa Mijinyawa. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Kin tahi bakin titi kin gaya wa tela ba ni iya riƙon ubana."

"Ban ce haka ba."

"Shagon tela rediyo ne. Kafin Juma'a maganar ga ta kai Tawa: Malam Illo na da ɗa namiji a gwamnati, amma bare ke buɗe mishi zane." Ya juya wurin matarsa da ke tankaɗe a bakin madafa. "Ke ma ki ji. Kada in ji an kira wani ƙato cikin gidan ga, ko mi ya faru."

Raliya ta ce to ita dai za ta je. Ya dube ta. Wataƙila ya ga ba wasa take ba, wataƙila ya tuna Halidu ya riga ya ji. Ya ce shi ke nan, ta je ta yi abin da za ta yi. Ai ana tashi daga biro sha biyu da rabi, ba a komawa sai uku da rabi. Shi da kansa zai juya Baba in ya dawo, ya ba shi abinci, ya sake juya shi kafin ya koma. Ubansa ne shi ma. Sauran awoyin ba za su kashe kowa ba, tsofaffin ƙauye nawa suka kwanta ba a juya su da agogo?

Ta so ta ce awa shida a gefe ɗaya ya yi yawa. Ta haɗiye. Abin da ta samu ke nan.

Kwanakin da suka rage ta yi su kamar mai zazzaɓi. Tana tuƙa tuwo tana lissafa hanyoyin jini. Tana layin ruwa leɓɓanta na motsi, har matan Zabarmawa na unguwar suka fara ce mata "Kala suru," a yi haƙuri, suna zaton wani abu ya taɓa ta. Sabulu ya tsattsage mata yatsu, in ta riƙe bik, alƙalamin rubutunta, sai ya yi mata zafi. Darasi na tara bai zo ba sam. Yaya ya ce bai ga komai a akwati ba. Ba ta san ko gaskiya ne ba, ba ta kuma da hanyar sani.

Ranar Talata ta wanke Baba bayan sallar asuba, ta shafa masa man kaɗe a baya da ƙugu, ta ba shi koko cokali-cokali. Ta kwantar da shi a gefen dama don hannunsa mai rai ya zama a sama. Ta dama kunun rana ta rufe a langa, ta ɗora a kan kujera tare da kofin ruwa. Ta gaya masa inda za ta. Ya dube ta, ya ɗaga yatsu biyu kamar mai sa albarka.

Taksin da ta samu ya tsaya sau bakwai yana ɗauka yana saukewa. A kan gada ta leƙa ƙasa. Kogin ya zama rairayi, ruwa ya rage kwari-kwari, mutane na taka ƙafa inda jiragen kwale-kwale ke bi da. A bakin gaɓa bukkokin waɗanda yunwa ta koro daga arewa sun yi layi, na tabarma da na buhu. Ta kau da kai ta ci gaba da maimaita darasi na huɗu.

Wata makaranta aka ara. Masu jarrabawar sun kai su arba'in, yawanci maza, ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye masu neman takardar shaida. Aka duba katinta, aka nuna mata benci. A bango, saman allo, akwai babban agogo.

Takardar safe a kan sassan jiki ce. Ta fara da kyau. Tana cikin zana zuciya sai ta tsinci kanta a tsaye, benci ya yi ƙara. Mai tsaron jarrabawa ya ɗago kai ya tambaye ta ko lafiya. Ta dubi agogo: goma daidai. Jikinta ne ya tashi juyi. Ta ba da haƙuri ta zauna, amma zaren ya tsinke. Tana ganin ƙugun dama a kan katifa, tana ganin jan tabon. Tambaya ta biyar daga darasi na tara ta fito. Ta bar wurin fari.

Aka tashi sha biyu, aka ce a dawo uku saura kwata, wanda ya makara ba ya shiga. Ta fita har bakin titi. Ta lissafa: taksi biyu zuwa, biyu dawowa, a tsakar ranar da direbobi ke kwance ƙarƙashin bishiya. In ta tafi ba za ta dawo a kan lokaci ba. Yanzu Yaya na kan mobilet, in ji ta a ranta. Yanzu ya shiga lungu. Yanzu ya wanke hannu. Ta koma ta zauna a gindin dalbejiya. Wata mata 'yar Damagaram ta miƙo mata dabino uku, ta ci ɗaya ta ɗaure biyu a bakin zane.

Takardar yamma a kan kula da maras lafiya ce. Nan hannunta ya saki. Yadda ake shayar da wanda haɗiya ke yi wa wuya, yadda ake sauya shimfiɗa mutum na kwance a kai, yadda ake gane jiki ya rasa ruwa. Ba daga takarda take ɗebowa ba. Ta cika shafi huɗu ta nemi ƙari. Sai da ta ajiye bik ta lura awa biyu sun wuce ba wanda ya kira sunanta, ba langa, ba kukan yaro. Ta ji daɗi ya ratsa ta har yatsun ƙafa. Nan take ta ji kunyar daɗin.

Shida ta gota ta shiga zaure. Salamatu na zaune a ƙasa bakin ƙofar ɗakin Baba, ta ba ƙofar baya, idanunta sun kumbura. Kusa da ita akwai doguwar sandar shanya.

"Bayan Yayanki..." Salamatu ta tsaya, ta sake farawa. "Wajen la'asar na ji faɗuwa. Zanenshi ya kwance, Raliya. Ban iya shiga ba. Na jefa mishi mayafina ta baya, na tura mishi ruwa da sanda. Ina ta ce mishi sannu. An ce kada a kira kowa."

Malam Illo na kwance a kan siminti tsakanin gado da kujera, mayafin ya sauka a ƙafafunsa bai rufe komai ba. Hannunsa na hagu na miƙe wajen kujerar. Langar kunun na nan a rufe yadda ta bar ta, ya yi tsami har ya tasa murfi. Kofin ya kife. Kwanon da aka turo da sanda ya tsaya nesa da yatsunsa da taki guda. Leɓɓansa sun bushe sun fashe. Da ta ɗan mirgina shi ta ga ƙugun dama. Tabon ya buɗe, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, ƙudaje sun riga ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe shi, ta tallafi kansa, ta ɗiga masa ruwa da cokali. Yana haɗiya yana kallon bango.

A haka mobilet ya tsaya a waje. Mijinyawa ya leƙo, ya ga abin da ke ƙasa, ya yi salati. Suka kama tsohon su biyu suka mayar da shi gado. Rabon hannun ɗan da jikin uban wata huɗu ke nan. Ya fita ya wanke hannu har gwiwa, ya tsaya a tsakar gida ya fara, da muryar da maƙwabta za su ji.

Ga abin da ya guda. Ga amfanin karatun ambulan. An bar tsoho a ƙasa kamar buhu an tafi neman takarda. Shi bawan gwamnati ne, yau masu bincike suka sauka a biro, ba wanda ya motsa daga kujerarsa tun safe, ko ruwa bai sha ba. Ita da ba wanda ya tsare, mi ya fitar da ita? Gobe zai gaya wa Gwaggo. Daga yau kuma ba wata wasiƙa da za ta sake shigowa gidan nan ta hannunsa, ko sakamako ne ko mene ne. Duk abin da ya zo, a gidan waya zai ruɓe.

Haka gidaje irin wannan suke. Mai fita da safe shi ke da uzuri, mai kunya ita ke da yabo, mai zuwa ran Juma'a ita ke raba lada. Wadda hannunta ke cikin baho kullum, ranar da ta cire shi yini ɗaya, ita ce ta yi laifi. Duk abin da Mijinyawa ya faɗa, za a maimaita shi a Koira Kano, a maimaita a Tawa, kuma za a yarda.

Raliya ta fito ɗaukar gishiri da tafasasshen ruwa ta wanke gyambon. Hanyar madafa ta gaban ɗakin Yaya take bi. A bakin ƙofar, tiren abincinsa na ajiye ba a kwashe ba: kwanon shinkafa an cinye rabi, ƙayar kifi a gefe, ƙaramin kofin shayi da sauran kumfa a gindinsa. A kan ƙusa farar rigar da ya fita da ita da safe na rataye, gumi ya bushe a wuyanta. Ta juya ta dube shi. Shuɗiya ce a jikinsa.

Ya daina magana. Salamatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Daga masallaci aka fara gyara lasifika don kiran magariba.

"Yaya," in ji Raliya, ba ta ɗaga murya ba, "wa ya ci abincin ranan ga?"